Dutsen da Ya Ƙi Nutsewa

Shekara talatin da ɗaya ina fasa dutse a bayan Malali.
Na san muryarsa.
Idan guduma ta sauka ya ce ƙwal, da saura.
Idan ya amsa da ƙasa-ƙasa, ya kusa sallamawa.
Wanda ya yi taurin kai mu jera masa tsofaffin tayoyi,
mu cinna, ya kwana yana shan wuta,
da asuba mu watsa ruwa, ya tsage kamar tsohuwar tukunya.
Mu ne ke kai wa dutse wuta.
Haka na tarar, haka nake yi.

Sai Ladingo ta dawo daga karatu,
'yar da na biya wa makaranta da tsakuwa, tifa bayan tifa.
Ta kwance bakin gyale a tsakar gida,
ta ɗora mini wani abu toka-toka, duk huji,
kamar burodin da ya kwana uku a kanti.

Ta ce, Baba, dutse ne.
Na ce, ni za ki yi wa ba'a da dutse?

Ta ce tsibirin da ta je, ƙasa ce da ba ta gama dahuwa ba.
Can dutse ne ke kawo wutarsa.
Yakan yi shekaru shiru, ƙanƙara ta naɗa masa rawani,
rana ɗaya ya yi gyaran murya,
ya amayo ja wur, yana gangarowa kamar talge,
ya cinye hanya, ya cinye shinge, ya isa teku,
teku ta yi tsaki, hayaƙi ya tashi.
Ta ce akwai rami mai tofa ruwan zafi sama da tsayin rimi,
ya huta, ya sake, ba mai hura masa wuta.
Iska tana warin ƙwai da ya lalace.
Rairayin bakin ruwa baƙi ne kamar gawayin maƙera.
Ta ce ta tsaya a wata tsaga,
ƙasar na rabuwa biyu a hankali,
da saurin da farce ke tsiro.

Barau maƙwabcina yana jin mu ta katanga.
Ya ce, a jefa a ruwa mana, ai ruwa ba ya karɓar cin hanci.

Na ɗebo a randa, na cika kwano.
Na saki.
Ya yi lilo, ya juya, ya zauna a sama
kamar kwalekwalen masu fito a kogin Kaduna.
Na danna shi da yatsa. Ya dawo.
Sau uku.
An ce dutsen da ke cikin ruwa bai san ana rana ba.
To ga wanda ya san duka biyun.

Na yi shiru, har ta ji tausayina.
Ta kama hannuna, wannan mai kanta kamar fatar kada,
ta ce, Baba, naka ma narkakke ne tun farko.
A can ƙasa ya huce, cikin duhu, bai yi gaggawa ba,
shi ya sa ya yi nauyi.
Wannan fushi ya fito da shi, iska ta cika masa ciki.

Washegari ban ɗaga guduma da wuri ba.
Na zauna a kan falalen, na shimfiɗa tafi.
Da ɗumi.
Na san rana ce.
Duk da haka na daɗe ban ɗauke hannun ba.

Da na koma gida na nemi baƙon dutsen a kan taga, babu.
Uwar Ladingo na bayan ɗaki, ƙafa ɗaya a cikin baho,
tana goge kaushi da shi.
Ta ce, wannan ya fi duk duwatsunka amfani.
Ban ce komai ba.
Na ɗauki buta.